Daga Ayarin Fatake Zuwa Sansanin 'Yan Kadet: Wa Ya Koya Mana Tafiya a Daji?

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda 'yan uwa da datarsu ba za ta kai su ga sauraron murya ba.

Yau daga Lajawa muke magana, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Wudil. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san yadda kaki yake burge yara. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda da aka kafa a 1988 tana da mazauninta na dindindin a Wudil, ga 'yan sikawut, ga Man O' War, ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, ga kadet na makarantun sakandare. Da an yi hutu za ka ga an kwashi yara an fita sansani, ana koya musu kafa tanti, karanta taswira, ɗaurin igiya da tafiyar ƙasa mai nisa. Abu ne mai kyau, kuma ina cikin masu kira a ƙara yin sa.

Sai dai akwai wani ƙorafi da manoma suke yi a ƙauyuka da dama, wanda mu 'yan boko ba mu cika saurara ba. Rukunin samari su ratsa ta tsakiyar gonar wake saboda yanke, su karya rake ko su tsinki mangwaro ba tambaya, su hura wuta kusa da inda aka tara kara, su tashi su bar leda da gwangwani inda dabbobi ke kiwo. In dattijo ya yi magana a ce masa ai atisaye ake yi. To wannan ne ya sa na ce mu koma tarihi, mu tambaya: tafiya a daji ta ƙungiya, da shugaba da tsari, daga ina muka same ta? Amsar ita ce hanya biyu muka gada, kuma halinsu ya sha bamban.

Ta farko ita ce hanyar ayari.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Gwanja kuwa tana arewacin ƙasar Ghana ta yanzu, kuma babbar kasuwarta daga baya ita ce Salaga, inda ake samun goron da ke fitowa daga dazukan Asante. A ƙarni na 19 wannan fatauci ya kai ƙololuwa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Suna fita da kanwa, da tufafin saƙi da rini na Kano, da jemammun fatu, su haye kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su gangara har Salaga, su dawo da goro. Ayari ɗaya yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci ya haura dubu, maza da mata, ga jakuna ga takarkarai. Zuwa da dawowa kan cinye watanni masu yawa, har ta kai kusan shekara.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan: mutum dubu a ƙasa, babu mota, babu waya, babu taswirar takarda, cikin ƙasashen da yarensu daban, sarakunansu daban. Ba a yin irin wannan tafiya da ka. Shi ya sa ayari yake da tsarin shugabanci da kowane kwamandan kadet na yau zai gane. Akwai madugu, shi ne uban tafiya, maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba, wanda ya san hanya, yake gaba. Akwai ubandawaki, mataimakin madugu, mai kula da tattara kuɗin da za a biya a hanya. Akwai malamin ayari, mai jan salla da addu'a da riƙe lissafi. Sau da yawa madugu a baya yake tafiya, saboda a baya ne ake samun wanda ya gaji, da jakin da ya kāsa, da ɓarawon da ke jiran wanda aka bari.

Ilimin da suke da shi na aiki ne. Sammako suke yi, a ci tafiya kafin rana ta take, a sauka a zango da sauran haske domin dabbobi su yi kiwo, a nemo itace da ruwa. Suna lissafin tafiya da zango, wato daga ruwa zuwa ruwa. Ruwan sha yana cikin salka da gora. Guzuri shi ne abin da ba ya lalacewa da wuri, irin su gumba da kilishi da ƙuli-ƙuli. Wuta da ƙyastu ake kunna ta. Gamzaki in ya fito, sun san asuba ta kusa. Shi kansa goron kaya ne mai laulayi: a cikin huhu yake, lulluɓe da ganye, sai ana buɗewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci, in ba haka ba ka iso Kano da asara. Da Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, daga irin wannan rayuwa maganar ta fito.

Amma babban ilimin madugu, wanda ya sa ake ba shi amanar dukiya da rayuka, shi ne sanin yadda ake shiga ƙasar mutane. Ayari ba ya faɗa wa gari haka kawai. Ana tura manzo gaba ya sanar da sarkin gari. Ana kai gaisuwa. Ana biyan kuɗin hanya, a bakin kogi a biya fito. Sarki ne zai nuna inda za a sauka, galibi a bayan gari, kuma wurin nan shi ne zango. A manyan kasuwanni akwai fatoma, mai masaukin da ke karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. In jakin wani ya shiga gona ya yi ɓarna, madugu ne zai je ya ba da haƙuri a biya, domin ya san baɗi ma ta nan zai biyo, kuma laifin mutum ɗaya yana iya rufe hanya ga ayarin da ke tafe a baya.

Shaidar cewa wannan tsari ya yi aiki tana nan har gobe. Ku je Kumasi ko Accra ku tambayi Zongo. Unguwanni ne na Hausawa da sauran baƙi Musulmi, sunansu daga zangon fatake ya samo asali. Wurin da aka ba baƙo ya kwana ya zama gari, saboda baƙon bai ci amanar mai masaukinsa ba. A cikin madugan da tarihi ya riƙe sunansu akwai Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, Bakano, wanda ya yi wa Bajamushe Eduard Flegel jagora a tafiyarsa ta Adamawa, har ya bi shi Berlin a 1884. Kun ga ke nan, Baturen da aka rubuta a littafi cewa ya gano wurare, wani Bahaushe ne ya riƙe masa hanya. Alhassan Dantata ma, haifaffen Bebeji wanda ya rasu a 1955, daga gidan fataken Agalawa ya fito, kuma da goron Gwanja ya fara.

Me ya kashe ayari? Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar. Sannan aka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, kuma a 1911 layin dogo ya iso Kano. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Fatauci ya ci gaba, amma makarantar da ke koya wa saurayi tafiyar ƙasa da ladabin shiga gari ta rufe a hankali.

Hanya ta biyu ita ce ta runduna, kuma ita ce ta kawo mana kaki da fareti da usur.

Wanda ya kafa sikawut, Robert Baden-Powell, hafsan sojan Ingila ne. A ƙarshen 1895 zuwa farkon 1896 yana cikin rundunar da ta je Kumasi ta tuɓe Sarki Prempeh na Asante, inda ya jagoranci 'yan ƙasa masu share hanya da leƙen asiri. Wato dajin da fatakenmu ke sayen goronsa, shi ma a nan ya ƙaro sanin daji. A cikin wannan runduna akwai dakarun da Turawa ke kira Hausa, sunan da ya samo asali tun ƙungiyar da John Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya. Daga baya, a yaƙin Afirka ta Kudu, an yi wa Baden-Powell ƙawanya a garin Mafeking na kwana 217, daga Oktoba 1899 zuwa Mayu 1900. A can ne wata ƙungiyar yara 'yan kadet ta riƙa kai saƙonni, wasu a kan keke, domin manya su samu damar tsaron gari. Abin ya zauna masa a rai. A watan Agusta 1907 ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea ya yi musu sansanin gwaji, a 1908 ya fitar da littafinsa na sikawut, kuma zuwa 1915 ƙungiyar ta iso Najeriya.

Man O' War kuwa a 1951 aka fara ta, a wani gaɓar teku mai wannan suna kusa da Victoria, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Alec Dickson ne ya assasa ta, bisa tsarin makarantun horon juriya da aka fara a Birtaniya a 1941. Manufar ita ce a haɗa matasa daga sassa daban-daban, a sa su hawan dutse da iyo da aikin gayya a ƙauyuka. Bayan Kudancin Kamaru ya rabu da Najeriya a 1961 cibiyar ta dawo Filato, kuma har yau makarantar duwatsun Shere da ke kusa da Jos tana aiki. Tsakanin nan an buɗe makarantar yara ta soja a Zariya a 1954, sannan a 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ya sa duk ɗan jami'a ya ɗanɗani sansani.

Wannan hanya ta kawo abubuwa masu amfani ƙwarai: taswira da kamfas, taimakon gaggawa, kiyaye lokaci, da haɗa ɗan Kano da ɗan Kalaba a tanti ɗaya. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, asalinta rundunar mamaya ce. Rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairu 1903 ba ta tura manzo neman izinin sauka ba. Irin waɗannan rundunoni 'yan dako suke tarawa, sau da yawa bisa tilas, kuma ƙauyen da suka sauka shi ke ciyar da su ko yana so ko ba ya so. Bafatake yana shiga gari a matsayin baƙo mai neman alfarma, soja mai mamaya yana shiga a matsayin mai iko. Yaron da muka sa wa kaki yau ya gaji duka biyun. In ba a koya masa halin madugu ba, kakin da kansa zai raɗa masa cewa ya fi mai gona.

Abin sha'awa, su kansu Ingilishi sun ci karo da wannan matsala a gida. Da mutanen birni suka yawaita fita yawon ƙafa a karkara, manoma suka koka, sai a 1951 aka fitar da ƙa'idojin shiga karkara: a bi hanyar da aka tanada, a rufe ƙofar shinge, a kiyayi wuta, a kwashe shara. Har yau suna koya wa yaransu. Mu kuwa namu ƙa'idojin sun girmi nasu, a baki suke da al'ada da addini. Musulunci ya yi umarni in mutum uku suka fita tafiya su naɗa shugaba, ya hana yin bahaya a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa da mashayar ruwa, ya kuma hana shiga gidan wani sai da sallama da izini.

To yanzu, ƙannena 'yan kadet da malamanku, ga abin da tarihin nan yake koya mana in za a fita wajen Lajawa, ko Darki, ko Utai, ko Indabo, ko ma ina ne.

Kafin a fita, a je wurin dagaci ko mai unguwa. A faɗa masa ku su wane ne, ku nawa ne, ina za ku bi, ina za ku kwana, yaushe za ku tashi. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. A nemi ɗan gari guda ya zama jagaba, a kuma ba shi ɗan abin goro, domin da ɗan gari akan ci gari. A zamanin da muke ciki wannan mataki ya wuce ladabi, ya zama kariyar rai. Mutanen karkara a tsorace suke, kuma rukunin baƙin samari a daji da yamma yana iya jawo mummunan zato. Ba mu manta da mafarauta 16, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, da aka yi wa kisan gilla a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 ba. Ba su yi laifin komai ba, matafiya ne a kan hanyarsu ta zuwa gida. Abin ya nuna mana yadda amana tsakanin matafiyi da mai gari ta lalace a ƙasar nan, kuma gyaranta daga ƙananan abubuwa irin wannan sallama zai fara.

A cikin tafiya, a bi hanya ko burtali, kada a ratsa shuka. Da kaka ma, bayan an yi girbi, gona tana da mai ita: karan dawa da harawa dukiya ne, ana sayarwa, ana ciyar da dabbobi. Bishiyar ɗorawa ko tsamiya ko kuka da ke cikin gona ta wani ce, a tambaya kafin a taɓa. In kun haɗu da garke, ku ba shi hanya, ku daina busa usur da ihu, ku gaisa da makiyayi. Burtali da labi tsohon tsari ne na raba noma da kiwo, har gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, don haka kada a kafa tanti a kansu. A bakin rijiya, in kun tarar da mata suna ɗiban ruwa, ku yi sallama ku jira, ko ku tura mutum biyu su roƙa. Kada a yi wanka ko wanki a bakinta. Kuma don Allah a daina ɗaga waya ana ɗaukar matan mutane da 'ya'yansu hoto ana sawa a TikTok ba da izini ba.

Ta fuskar lafiya, ku yi koyi da fatake ku yi sammako. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, tafiyar tsakar rana ganganci ce. Kowa ya riƙe ruwansa, ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa. In gudawa ta kama wani, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa har a kai shi asibiti. A guji shiga kududdufi saboda tsargiya. Kogin Wudil kuma ba wurin gwada jarumta ba ne: ruwan Kano da na Challawa ne suka haɗu, ga madatsun Tiga da Challawa a sama, zurfinsa yana canzawa, sai a tambayi masunta da masu fito kafin a sa ƙafa. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti.

Wuta kuma, musamman da hunturu, a share wuri sosai kafin a hura, nesa da kara da rumbu da danga, a kashe ta da ruwa ko ƙasa har sai an taɓa toka an ji sanyi. Tartsatsi ɗaya yana iya cinye abincin shekara na gida guda. A haƙa rami don bahaya, nesa da ruwa, a rufe. Leda da roba a tattara a tafi da su, domin akuya ko saniya in ta haɗiyi leda tana iya mutuwa, kuma wannan akuyar wataƙila ita ce jarin wata baiwar Allah.

Sannan shugaba ya riƙa ƙirga mutanensa a kowace tsayawa, ya sa mai ƙarfi a baya kamar yadda madugu yake yi. In an yi ɓarna, ko da kuskure ne, shugaba ya je da kansa ya ba da haƙuri, a biya. Ranar tashi a koma wurin dagaci a yi godiya da sallama. In da hali a bar wa garin wani abu, ko share makaranta ne, ko cike wani rami a hanya. Rukunin da ya yi haka, baɗi da hannu biyu za a karɓe shi, har a karɓi na bayansa.

Kirana ga masu horar da yara shi ne a sa tarihin ayari cikin darasin sansani. Yaron da ya san sunan Baden-Powell ya kamata ya san me ake nufi da madugu da jagaba da zango. Kuma akwai dattawa a ƙauyukanmu, mafarauta da makiyaya da tsofaffin 'yan kasuwar ƙafa, da suka san sawun dabba da alamar ruwa da sunan kowace bishiya. A gayyato su sansani su yi wa yara darasi, a girmama su kamar yadda ake girmama kwamanda.

Nan za mu dakata a yau. In a gidanku akwai kakan da ya yi fataucin Gwanja, ko kuna da labarin wani zango a garinku, ku rubuto mana a ƙasa. Wanda kuma yake da ƙani a kadet ko sikawut ko agaji, ya tura masa wannan rubutu kafin fita ta gaba. Allah Ya tsare mana matasanmu a gida da daji, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.